Baƙon da Ya Dasa Miyar Aurensa

Da an sallame sallar asuba a masallacinmu na Selindung, Pak Derus, wato Baba Derus, ba ya tsayawa hira. Zai koma gida ya sauya zanen salla da wandon aikin nan nasa da ya daɗe da manta launinsa, ya rataya jakar da sifana da filaya ke faɗa a cikinta, ya soke tsohuwar adda a ƙugu, ya cika kwalba da baƙin kofi. Shagona na ɗinki yana daidai inda hanyar dutse ta rabu da titin gari, don haka kafin in zare labule nakan ji ƙarar ƙarafunansa. Kak Kiah yake ce mini, wato Yaya Rokiah.

"Kak Kiah, an tashi lafiya?"

"Lafiya lau, Pak Baƙo. Famfona ne dai yake ta tari tun jiya."

"Ki ba shi zuma da citta. In bai daina ba zan leƙo da la'asar."

In da ɗan gari ne ya faɗa mini haka, wallahi da ya ji amsar da za ta raka shi har gindin dutse. To amma baƙo ne, ba a mayar wa baƙo magana. Sai in yi murmushi in haɗiye, ta tsaya mini a wuya har azahar.

Daga nan sai ya bi bututun ruwan gari ya nausa cikin kurmi. Aikinsa ke nan tun zuwansa tsibirin nan: ruwan da muke sha daga ido guda yake fitowa, a gindin wani dutse mai kallon teku, shi ne kuma mai kula da shi. Yana tafe yana ɗora kunne a kan bututu kamar likita a ƙirjin mara lafiya. Ya ɗaure inda ke yoyo, ya gyara abin da birai suka kwance don neman magana, ya kwashe ganyayen da suka toshe rariya. In ya gama da ruwa sai ya wanke hannu, ya tsaya gaban dutsen, ya fara aikin da babu wanda ya ɗauke shi ya yi. Yanzu gwiwoyinsa sun ce sun gaji, ya ajiye aiki a watan jiya. Na ga bai kamata mutum irinsa ya sauko daga dutsen nan shiru ba, shi ya sa na ture keken ɗinki gefe na ɗauki alƙalami.

A jikin dutsen nan akwai wani tsiro da muke kira asam batu, wato tsamin dutse. Ba shi da wani girma. Ganyensa karkatacce ne, ɓari ɗaya ya fi ɗaya faɗi kamar kunnen da aka ja, samansa kore mai ɗigon fari, ƙasansa ja wur. Yana fitar da ƙananan furanni farare masu ɗan jaja-jaja. Ba ya son rana, ba ya son iska mai gishiri ta buge shi kai tsaye, ba ya son ƙasa mai kyau ma, sai tsagar dutse mai laima a ƙarƙashin inuwa. Wata malamar jami'a, Malama Norlia, ta taɓa zuwa ta yi kwanaki tana rarrafe a wurin, ta ce dangin wani fure ne da ake kira begoniya, kuma ta zaga tsibiran nan kaf ba ta ga irin namu ba sai a wannan dutse. Muka ce mun gode, muka cika ta da shinkafa da busasshen kifi. A ranmu kuwa cewa muke, ganyen miya ne dai.

Amma ba kowace miya ba. A Selindung, duk baƙon da ya auri 'yar gari ko wadda aka auro daga waje, ranar biki sai an dafa masa miyar kifi da ganyen asam batu wanda aka tsinko daga jikin dutsen. Zai shanye kwano guda a gaban jama'a, tsamin ya murɗe masa fuska, gari ya tuntsire da dariya. Dariyar nan ita ce shigarsa gari. Wanda bai sha ba baƙo ne, ko da ya tsufa a cikinmu. Kada kuma ku ɗauka wulaƙanta baƙo muke yi. Ina! Mu karrama shi muke yi har ya rasa inda zai sa kansa. Tabarma mafi kyau tasa ce, shi ake fara zuba wa abinci. Ba a aikensa, ba a tsokanarsa, ba ya juya tukunya, ba ya taɓa kwanon wanki, ba a kiransa gayya. In ana taron gari yana iya zama ya saurara, amma ba a tambayarsa me ya gani. Na sha ganin Pak Derus a wurin biki, zaune shi kaɗai a kan tabarmar nan mai ado, yana kallon maza can bayan rumfa suna fere kwakwa suna zagin juna suna dariya. Kallon da yake musu ya sha ba ni tausayi.

Shi mutumin Pendang ne, ƙasar shinkafa, bai ma iya ninƙaya ba sa'ad da aka turo shi. Ya yi shekaru a wani ɗaki bayan masallaci, yana dafa wa kansa abin da shi kaɗai ke iya ci. Sai Allah ya haɗa shi da Mak Sepiah, wato Inna Sepiah, mai dafa abincin bukukuwanmu, wadda mijinta ya daɗe da rasuwa. Mace ce mai baki, mai hannu kuma. Ita da kanta ta ce tausayin cikinsa ne ya sa ta amsa. Aka sa rana, gari ya ɗauki murna, kowa na cewa Pak Baƙo ya kusa zama namu.

A makon nan ne kuma muka tafka abin da muka tafka.

Mu mutanen Selindung muna da ciwon tsabta. Mu ne masu share ƙarƙashin bishiya, sannan mu ɗaga kai mu harare ta don kada ta sake zubo ganye. Sai aka aiko cewa za a yi gasar ƙauyen da ya fi tsabta, alƙalai na nan tafe. Mai garinmu, Tok Lazim, ya kira gayya. Aka share titi, aka share bakin teku, aka yi wa gindin kwakwa farin fenti. Da aka gama ƙarfi bai ƙare ba, fenti ma bai ƙare ba, sai wani ya ce ai idon ruwan nan ya yi duhu, kurmi ya rufe shi, abin kunya ne baƙi su gani. Aka ɗunguma. Aka sare manyan itatuwan ɓauren da ke yi wa dutsen inuwa, aka kankare jikinsa da burushin ƙarfe, gansakuka da asam batu da komai, aka tara aka cinna wuta kamar yadda muke yi wa shara. Sannan aka shafe dutsen da fenti fari fat. Ni dai ranar ina shago ina ɗinka labulen ofishin mai gari, kada a sa ni a ciki. Mai kula da wurin kuwa babu wanda ya tambaya. Ya tsallaka Kuala Perlis sayen kayan aure, kuma ko yana nan ma, wa zai kira baƙo gayya? Mun zo na biyu a gasar. Aka ba mu agogon bango.

Ana gobe ɗaurin aure ya dawo. Ya hau duba ruwa, ya tarar da dutse na ƙyalli cikin rana tsirara. Masunta biyu da suka gan shi daga teku sun ce ya daɗe a tsaye bai motsa ba, sannan ya durƙusa ya yi ta tona tokar da hannu. Bai sami ko saiwa ɗaya mai rai ba. Duk asam batun da ya rage a duniya shi ne ƙunshi guda da Mak Sepiah ta tsinko da sassafe ranar gayya, kafin masu adda su iso, ta naɗe cikin jiƙaƙƙen ganyen ayaba don miyar angonta.

Washegari aka ɗaura aure da hantsi. Amarya ta tuɓe mayafin ado ta shiga rumfar girki, don ta rantse ko bikinta ne babu mai taɓa mata tukunya. Ina wurin ina yanka albasa. An gyara kifi, ruwa ya tafasa, ta miƙa hannu inda ta ajiye ƙunshin, wayam. Aka shiga nema. Can sai muka hango ango a ƙarƙashin gida, tsakanin dirkokin da muke ɗora gidajenmu a kai, da hularsa da zanen aure mai zaren zinariya, ya tsuguna cikin kaji. Ya jera ɓawon kwakwa cike da jiƙaƙƙen yashi, yana soka ganyen ɗaya bayan ɗaya.

"Abang!" in ji amarya, da kiran da mace ke yi wa miji a nan. "Me idona ke gani haka?"

Bai ɗago ba. "Sepiah, in kika dafa su yau, sun ƙare ke nan. Na sha ganin ganyen da ya karye ya faɗi kusa da ruwa ya yi saiwa. Wataƙila waɗannan ma su yi."

"Wataƙila! Ni na tara gari a kan wataƙila? In ban dafa ba fa, ka san abin da kake?"

"Na sani."

"Baƙo. A gidanka, a kan tabarmarka, da matarka. Ka ji ko?"

"Na ji. Baƙon dai zai iya jira, ganyen ne ba zai kai jibi ba."

Muka ja baya muna jiran ludayi ya tashi sama. Ta tsaya tana huci, hannu a ƙugu. Can sai ta tattare zanenta ta tsuguna kusa da shi.

"Matsa can. Ji yadda kake murɗe su kamar kana ɗaure famfo. Da wannan hannun naka na sifana ai kashe su za ka yi. Kiah, je ki jiƙa tsamiya, kin tsaya kina kallonmu kamar an biya ki."

Ranar nan, da miyar tsamiya aka yi biki. Ango ya sha, babu wanda ya yi dariya, aka mayar da shi kan tabarma mai ado. Tsofaffi suka yi ta girgiza kai suna cewa mutumin kirki ne, amma kansa da motsi.

Yawancin ganyen suka ruɓe. Wasu kaji suka tone, wasu akuyar maƙwabta ta yi buɗa-baki da su. Ya rubuta wa Malama Norlia, ta ba shi shawarar ya daka tsakuwar dutsen ya gauraya da yashin, hakan kuma ya taimaka. Amma waɗanda suka miƙe sosai su ne 'yan ƙalilan da ya tura bayan randa don ya rasa wurin ajiyewa. Kun san kowane gida a nan akwai randa a gindin matakala, da moɗa a kanta, babu mai hawa gidan mutane bai wanke ƙafa ba. Bayan randar nan inuwa ce wuni guda, kuma duk wanda ya zuba ruwa sai feshi ya kai can. Pak Derus ya duba ya ga wuri ya yi daidai da tsagar dutse. Ya kuma hango abin da ya fi wannan: babu ɗan Selindung da zai sa ganyen da ya sha ruwan ƙafa a bakinsa, ko da za a yanka shi. A duk tsibirin nan, nan ne kaɗai asam batu zai girma ba a kai masa hannu ba.

Sai ya fara zagaye. Duk gidan da ya je gyaran famfo, da ɓawon kwakwa yake zuwa. Bai taɓa cewa kyauta ya kawo ba, don ya san mu, kyauta in ta mutu sai mu ce Allah ya yi. Ajiya yake cewa.

"Kak Kiah, ajiya na kawo miki. Zan karɓa in lokaci ya yi."

"Ajiyar me, Pak Baƙo?"

"Ganye ɗaya ne. Ba ya cin abinci, ba ya kukan dare. Ke dai ki ci gaba da wanke ƙafa."

Ki ci gaba da wanke ƙafa! Ni Rokiah, da ko kasuwa ban dawo ba sai na goge dunduniya da dutse. Na haɗiye wannan ma.

Wa zai yarda a ce ajiyar baƙo ta mutu a hannunsa? Kafin damina biyu abin ya zama gasa. Mata suka koma leƙen bayan randar juna. In taki ta yi ganye huɗu tawa uku, ranar ba zan yi barcin rana ba. Aka fara zargin wata maƙwabciyata da cewa tana saukowa ta wanke ƙafa ba tare da ta je ko'ina ba. Maza suka shiga uku: mutum ya dawo daga teku a gajiye, ya hau matakala, sai ya ji daga ciki, "Koma ka sake, ban ji ƙarar ruwa ba." Mijina, Allah ya jiƙansa, ya ce a rayuwarsa bai taɓa ganin garin da ganye ya mallake ba sai namu.

Shi kuwa Pak Derus yana can sama yana lallashin dutse. Ya yi ta kankare fentin da hannu, kaɗan-kaɗan bayan aikin ruwa. Ya dasa 'ya'yan ɓaure a inda aka sare iyayensu. Kafin su girma ya bi masunta yana roƙon tsofaffin tarun da suka yage, ya shimfiɗa su sama da dutsen a kan gora don su tare rana. Ya huda wata 'yar hanya daga ambaliyar idon ruwan don ta riƙa jiƙa tsagogin. Sai da gansakuka ta dawo don kanta, sannan ya fara zuwa gidajenmu yana ɓallar 'ya'yan ajiyarsa yana mayar da su gida, jikin dutse. Na farko suka ƙone. Ya sake. Na biyu ruwan sama ya wanke su. Ya sake.

Duk tsawon shekarun nan aure bai tsaya ba, miya ce ta tsaya. Duk wanda aka auro sai a jiƙa masa tsamiya, muka sa musu suna surukan tsamiya. Har da mijin 'yata, Shukor, mutumin da ke da surutu kamar rediyo, amma dole in riƙa yi masa magana da ladabi ina ba shi cinyar kaza. Tabarmar baƙi da a da Pak Derus ke zama shi kaɗai ta cika har aka ƙara ta biyu. Wasunsu sun ji haushinsa, ba zan ɓoye ba. Shukor ya taɓa ce masa, "Pak, 'ya'yana 'yan gari ne, ni ubansu baƙo. Jiya ƙaramar ta ce in zauna in huta, ita za ta kai shara." Pak Derus ya ce, "Yi haƙuri, layi ɗaya muke, kuma ni ne a gaba."

Ranar da abin ya kusa rushewa ita ce lokacin auren autan Tok Lazim. Amaryar 'yar babban gida ce daga Alor Setar, Salbiah, kuma a lokacin dashen da ke jikin dutse ya fara kamawa, ganye ya fito gwanin sha'awa. Tok ya zo rumfar girki ana saura kwana kaɗan, mu mata muna wanke tukwane, Pak Derus na haɗa mana famfo.

"Na hau na gani da idona," in ji Tok. "Ganye ya dawo. Kwando ɗaya kawai za a tsinko."

Pak Derus ya miƙe ya goge hannu. "Tok, ba su kai ba. Saiwarsu ba ta riƙe dutse ba tukuna. In aka ja ganye, duka za su biyo."

Tok ya yi masa murmushin nan namu mai kyau. "Pak Baƙo, kai dai huta abinka. Wannan maganar gari ce."

Na ga yadda maganar ta shige shi. Ya sunkuyar da kai, ya koma kan famfonsa. Kowa a wurin ya san in mai gari ya tsinka yau, gobe iyayen kowane surukin tsamiya za su hau da kwandunansu, kuma da gaskiyarsu. Kafin wata ya ƙare dutsen zai koma yadda muka bar shi ranar gayya.

Mak Sepiah ta ajiye ludayi. Wannan matar da ta shekara tana mita cewa ta auri mutum ta samu kishi da ganye, ita ce ta tako gaba.

"Tok, maganar gari ce ko? To ni 'yar gari ce, kakata ta yi wa kakarka wankan jego. A wace tukunya za a dafa?"

"A taki mana."

"Tawa ba ta dafa jarirai. Mijina ya sha tsamiya ranar aurensa bai mutu ba. Surukarka ma ba za ta mutu ba."

"Sepiah, sai in ɗauko mai girki daga tsallake."

"Ɗauko. Ta taho da tukwanenta a ka."

Tana faɗin haka ta kife babbar tukunyar biki ta zauna a kai. Ban san wadda ta fara bin ta ba, sai dai na tsinci kaina zaune a kan tawa. Kafin Tok ya rufe baki, duk matan rumfar sun kife tukwane sun hau, mun zuba masa ido. Ya dube mu ɗaya bayan ɗaya, har da matarsa a can ƙarshe a kan tukunyar shinkafa. Ya cire hula ya sosa kai, sai dariya ta ƙwace masa.

"Ku sauka kafin ku lotsa su, wasu na aro ne. A jiƙa tsamiyar."

Don in yi masa adalci, tun daga ranar Tok Lazim da kansa yake ɗaukar tsofaffin taru a ka yana kai wa dutse, yana haki yana cewa motsa jiki yake yi.

Pak Derus, yanzu da kai nake. Kai ne ka ba mu ruwa shekara da shekaru, ba mu taɓa tunawa da kai ba sai ranar da famfo ya yi tari. Kai ne ka tarar mun ƙone abin da kakanninmu suka bar mana, ba ka tsaya a tsakar gari ka nuna kowa da yatsa ba, ko sau ɗaya ban ji ka ce "ku ne" ba. Abin da ka fi so a duniya yana cikin ƙunshin ganyen ayaba, saura a jefa a tukunya, ka kwance shi ka soka a yashi. Angon tsamiya, mai kunne a bututu. Mun yi ta ba ka tabarma mai kyau muna ganin mun kyauta maka, kai kuwa kana ta gyara mana abin da za mu karɓi surukanmu da shi, alhali kai ma ba a karɓe ka ba. In na tuna sai kunya da ƙauna su haɗu su cika mini ciki.

A watan jiya, ranar da ya miƙa jakar sifana ga Shukor, wanda shi ne zai gaje shi, ya biya gidan Tok ya wanke ƙafa ya hau. Kalma biyu ya faɗa: "Sun kai." Ɓauren sun haɗe sama, an daɗe da kwashe tarun, dutsen ya rufe da ganye tun daga ƙasa har inda hannu ba ya kai. Mak Sepiah ta hau da kanta da 'yar wuƙa, ta yanko ganye ɗaya daga kowane tushe, ba ta ja ko ɗaya ba.

Aka kafa tukunya a bakin teku da rana tsaka. Masunta suka kawo kifin da ya fi kowane. Surukan tsamiya suka yi layi, wasu da goyo, wasu da furfura, Salbiah da 'ya'yanta suna riƙe mata zane. Aka ce na gaba ya fito. Ya fito da hular aurensa, matarsa ta cika kwano ta miƙa masa. Ya yi bisimilla ya kafa kai. Da ya sauke kwanon, ido ɗaya ya rufe, baki ya koma gefe, wuya ya shige kafaɗa. Ya juya wajen matarsa.

"Wannan ne? Wannan na yi wa bauta duk shekarun nan? Sepiah, wallahi tsamiya ta fi."

Dariyar da aka yi, na tabbata an ji ta har tsibirin Langkawi. Tsofaffi na riƙe ciki, yara na birgima a yashi, Mak Sepiah na dariya tana share ido da gefen mayafi tana cewa, "Ji mara kunya, a gaban mutane!" Shi kuma da ya saba, sai ya juya ya nufi tabarma mai ado zai zauna. Tok Lazim ya daka masa tsawa.

"Kai Derus! Ina za ka? Tabarmar baƙi ce wannan. Ga kwanuka can sun taru, ka tsaya kana wa mutane yanga da hula."

Ya tsaya cak. Na ga hawaye na bin kumatunsa. Ya cire hular ya miƙa wa matarsa, ya naɗe hannun riga, ya tafi bayan rumfa. Har la'asar yana wanke-wanke, maza na zaginsa cewa bai iya ba, yana ramawa. Duk wanda ya zo taya shi sai ya kore shi.

Mun gode, Derus. Mun gode da ruwa, mun gode da ganye, mun gode da haƙurin da ka yi da karamcinmu. Allah ya ba gwiwoyin nan sauƙi, ya bar ka da Sepiah ku daɗe kuna faɗa. Ajiyarka kuma, ka ji da kyau, ba za mu mayar ba. Ka kwashi 'ya'ya da jikoki, uwayen na nan bayan randa, mun saba da su. Ku kuma masu karatu, kowane gari yana da wani ɗan abu da ya rage ƙunshi guda, ko iri ne, ko sana'a, ko itace. In ya faɗo hannunku ranar da kuka fi bukatarsa, ku tuna da mutumin Pendang. Kafin kuma ku ɗaga adda don gyara, ku tambayi wanda ke kula da wurin, ko da a kan tabarmar baƙi yake zaune.

Washegarin bikin na zare labule, sai ga shi tafe, ba jaka ba adda, ƙafa ce kawai ta saba da hanya.

"Kak Kiah, an tashi lafiya? Yaya mai tari?"

"Yana nan yadda ka bar shi, makanikin banza, zuma da citta! Tunda ba ka da aikin yi, je kanti ka sayo mini baƙin zare. Ka yi sauri, ina da ɗinki."

"Ke Kiah, ni ne ɗan aikenki? Da gwiwar tawa?"

Ya juya ya nufi kanti yana mita, yana ɗingishi. Ko daga bayansa ana gane murmushi yake yi.